Ɓeran Ɗakin Gwaji da Harshen Takardar Neman Izini

Saiwar da ake sayarwa a rumfunan masu magani na Ajame, a birnin Abijan, ɗayan hanyoyi biyu take bi. Ko dai ta tafi gida a jiƙa wa mai zazzaɓi, ko kuwa ta faɗa jakar ɗalibin kimiyya ta nufi Jami'ar Nangui Abrogoua, wadda kafin 2012 ake kira Jami'ar Abobo-Ajame, ko ta Félix Houphouët-Boigny da ke Cocody. A can za a shanya ta, a niƙa, a tatsi ruwanta, a ɗura wa farin ɓera ta siririn bututu, sannan a zuba ido a ga abin da zai same shi. Burin mai binciken shi ne wata rana likita a asibitin koyarwa na Treichville ya iya ce wa majinyaci wannan jiƙon ba ya taɓa hanta, wancan kuwa yana cin ƙoda. Buri ne mai kyau, kuma rayukan mutane ne a ciki. Sai dai tsakanin rumfa da keji akwai wata takarda da ta wajaba a cika, ta neman izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Ra'ayina shi ne rabin aikin cika takardar nan aikin harshe ne, kuma ɗalibin Hausa yana da abin faɗa a kanta fiye da yadda yake zato.

Fom ɗin ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma tambayoyinsa ba su cika sauyawa ba, ko a Abijan ne ko a Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke da kwamitinta na lura da amfani da dabbobi. Me kake son ganowa? Me ya hana ka gano shi ba tare da dabba ba? Wace dabba, guda nawa, kuma ta yaya ka kai ga wannan adadin? Me za ka yi musu, sau nawa, wa zai yi? Wace wahala za su sha, a wane mataki za ka dakata, kuma yaya ƙarshensu zai kasance? Tushen waɗannan tambayoyi littafin da wasu masana biyu na Ingila, William Russell da Rex Burch, suka wallafa ne a 1959, inda suka kafa ƙa'idoji uku da duniya ke bi har yau. Da Ingilishi da Faransanci duka kalmomin uku da harafin R suke farawa, shi ya sa aka yi musu laƙabi da shi.

Nan fassara take fara aiki. Ta farko ba ta da wuya: musanyawa, wato a sa wani abu a madadin dabba mai rai, kamar ƙwayoyin halitta da ake renonsu a kwalba ko lissafin kwamfuta. Ta biyu ma haka, ragewa. Ta ukun ce mai tarko. Wanda ya buɗe ƙamus zai kawo “tacewa”, sai mai sauraro ya tuna da koko da rariya, ma'ana ta ɓace. Abin da Russell da Burch suke nufi shi ne a gyara kowane mataki na aikin yadda azabar dabbar za ta ragu. Ni “kyautatawa” na fi so, domin ta haɗa gyaran aiki da tausaya wa abin da ake aiki a kansa, kuma kunnen Bahaushe ya saba jin ta a wa'azin yanka: a wasa wuƙa, kada a wasa ta a gaban dabbar, kada a yanka wata a kan idon wata. Wasu kan matsa sai an samo kalmomi uku masu harafin farko iri ɗaya don a yi daidai da Turanci. Wannan kwalliya ce da ba ta biyan kuɗin sabulu.

Ita kanta “ɗa'a” da muke fassara sunan kwamitin da ita, ban gamsu da ita sosai ba. Ɗa'a a bakin jama'a ladabin yaro ne ga na gaba, durƙusawa da sunkuyar da kai. Abin da kwamitin yake dubawa ya fi kusa da haƙƙi da alhaki. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma tsofaffinmu kan tsoratar da yaro mai jifan ƙadangare da cewa alhakin dabba ya fi nauyi, tunda ba ta da bakin da za ta yafe. Na bar “ɗa'a” a nan saboda ta riga ta zauna a rediyo da jarida, amma mai fassara ya san cewa “haƙƙi” ce ke ɗauke da nauyin maganar.

Sai sunan dabbar. Bafaranshe ya raba souris da rat, Bahaushe ya tara su duka a “ɓera”, ko “kusu” a bakin mutanen Sakkwato da sassan Nijar. A gida wannan ba ya hana komai, tarko ɗaya ne. A takardar izini kuwa bambancin babba ne. Babban farin ɓera nau'in Wistar, wanda aka fara kiwonsa a wata cibiya a Filadelfiya ta Amurka a 1906, in yana da nauyin giram 200, jinin jikinsa gaba ɗaya bai cika ƙananan cokula uku ba. Ƙaramin farin ɓera mai giram 25 kuwa, nasa bai kai rabin cokali ba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada a ɗebi fiye da kashi 10 cikin ɗari na jinin dabba a zama ɗaya in ana son ta ci gaba da rayuwa. Ka ga ke nan abin da babban zai jure, shi ne ajalin ƙaramin. Dole rubutun Hausa ya ce “babban ɓera” ko “ƙaramin ɓera” ya kuma faɗi nauyi. Kada a ari “gafiya” don cike giɓin, ita wata halitta ce daban, haka jaɓa. Ɓeran Masar kuwa, wanda Faransawa ke kira cobaye, sunansa ne kawai ya haɗa shi da ɓeran rumbu.

Inda Hausa ta fi nuna arzikinta shi ne wajen bayyana wahala, kuma a nan ne takardu da yawa suke talaucewa. Dokar Tarayyar Turai ta 2010 kan dabbobin gwaji, wadda Faransa ta shigar cikin dokokinta a 2013, kuma masu bincike a ƙasashen da Faransa ta rena suke yawan jingina da ita, ta raba tsananin gwaji gida huɗu: mai sauƙi, matsakaici, mai tsanani, da wanda ake yi wa dabba cikin maganin barci ba ta kuma farfaɗo ba. Mai cika fom yakan zaɓi “matsakaici” ya wuce, don kalma ce mai kwantar da hankalin kowa. To amma a tambaye shi da Hausa: raɗaɗi ne ko zogi? Suka ce ta ɗan lokaci kamar ta allura, ko murɗar ciki ce da za ta kwana? Dabbar za ta galabaita ne ko za ta jigata? Firgita ce ko ƙuncin kaɗaici? Kowace kalma a nan tana neman magani daban, ta kuma nemi a duba dabbar a lokaci daban. Ɓera halitta ce mai son jama'a, ware shi shi kaɗai a keji wahala ce ko ba a taɓa shi da allura ba. Kuma ɓera ba ya iya amai. Abin da aka ɗura masa, komai ɗacinsa, komai dafinsa, ba shi da hanyar mayar da shi. Wanda ya taɓa kurɓar jiƙon maɗaci ya san abin da wannan yake nufi.

Wani zai ce ai dabba ba ta magana, ta ina za a san raɗaɗi daga zogi? Fuskarta tana magana. A 2010 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada suka fitar da ma'aunin karanta zafi a fuskar ƙaramin ɓera, shekara guda bayan haka aka fitar da na babba. Ana duban runtse ido, da yadda hanci da kunci suka sauya, da kwanciyar kunnuwa, da yadda gashin baki ya miƙe ko ya dunƙule. Duk waɗannan muna da kalmominsu: runtsewa, yamutsa fuska, kwantar da kunne, takurewa, tashin gashi. A shekarar 2010 ɗin dai, Jane Hurst ta Jami'ar Liverpool da abokiyar aikinta suka nuna cewa ɗaga ƙaramin ɓera ta wutsiya yana sa shi fargaba fiye da a bar shi ya shiga ɗan bututu a ɗauke shi a ciki, ko a tallabe shi a tafin hannu. Kyautatawa ke nan da ba ta cin ko dala. Abin da ya rage shi ne wani ya rubuta waɗannan alamomi a takarda guda, cikin harshen da mai share keji da ba da abinci yake ji, a manna a bango. Shi ne yake ganin dabbobin da sassafe da ranar Lahadi, lokacin da mai digiri yake gida.

Akwai kuma wata matsala ta nahawu wadda nake son ɗalibai su lura da ita, domin a wannan karon harshenmu ne yake ba da mafaka. Hausa tana da “an” da “aka” da “za a” da “akan”, waɗanda ke ba da labarin aiki su ɓoye aikau. “Za a ɗebi jini ta jijiyar wutsiya.” Wa zai ɗiba? Ya taɓa yi? Wa ya koya masa? Rubutun kimiyya na Turai yana da tasa dabarar ta ɓoye mai aiki, kuma mai fassara da ya ci karo da ita sai ya ji “za a” ta zo masa daidai wa daida. A rahoton sakamako wannan ba laifi. A takardar neman izini kuwa, kwamiti mutum yake nema wanda zai riƙe. Shawarata ga duk mai rubuta irin wannan takarda ita ce ya bi daftarinsa layi-layi, duk inda ya ga “za a” ya gwada mayar da ita “zan” ko ya sa sunan wani. Wurin da ya kasa, to, can ne shirinsa yake da rami. Haka nan bambancin “ɓeraye shida sun mutu” da “na kashe ɓeraye shida”. Jimlar farko aikatau ƙi-karɓau ne a cikinta, babu wanda za a tuhuma, kamar annoba ce ta faɗo. In dabba ta mutu da kanta a keji cikin dare, yawanci alama ce ta cewa ba a dakata inda ya kamata ba.

Shi ya sa fom yake neman a faɗi iyakar da in dabba ta kai, za a tsayar da gwaji a hutar da ita. Wadda aka fi sani ita ce zubewar kashi 20 cikin ɗari na nauyin jiki, tare da alamomi irin su ƙin ci da sha, kasa tashi, ko numfashi da ƙyar. Ga shi ni ma na ce “a hutar da ita”, kuma da gangan na yi, don a ga yadda harshe yake zamewa in an zo wannan gaɓar. Maƙalun Faransanci sukan ce an yi sacrifier ɗin dabbobin, na Ingilishi ma da 'yar'uwar kalmar suke amfani. Mai fassara da ya bi ta kai tsaye zai rubuta “an sadaukar da su” ko “an yi hadaya da su”, har ma wani ya kusanci “layya”. Babu ko ɗaya da ta dace. Layya ibada ce mai sharuɗɗa, sadaukarwa kuwa mai abu ne yake yin ta da abinsa don raɗin kansa, ɓera bai ba da komai ba. Hausa ta riga ta tsara wannan fagen tsaf: mutum ya rasu, dabba ta mutu, abin ci an yanka shi, wanda ya mutu ba yanka mushe ne. Abin da ake yi wa ɓeran gwaji kisa ne. A rubuta “zan kashe su”, sannan a faɗi ta yaya, cikin daƙiƙa nawa hankalinsu zai gushe, da yadda za a tabbatar sun mutu kafin a buɗe ciki. Wanda ya rubuta haka ba zai yi saurin ɗauko kulorofom ba, wanda ƙa'idojin likitocin dabbobi na yau ba su amince da shi ba.

Mu koma Ajame, domin a can ne ake yin fassarar da ta fi kowace tsada. Cikin masu sayar da saiwoyi da sassaƙe a kasuwannin Abijan akwai Hausawa, yawanci 'yan Nijar, 'yan'uwan waɗanda suka shahara da sayar da aceke da soyayyen kifi har abincin ya ɗauki sunan garba. Mai bincike yakan tsaya a rumfa ya tambayi yadda ake shan magani, da Faransanci ko Julanci, a ba shi amsa da abin da ya sawwaƙa. Alhali a Hausa jiƙo daban, dafawa daban, tsimi daban, gari a kunu daban, surace da hayaƙi kuwa ba sa ma bi ta ciki. Ma'auni kuma tafi ne, ko ludayi, ko kofin shayi, safe da yamma, kwana uku ko bakwai. In mai magani ya ce a jiƙa sassaƙen marke a ruwan sanyi a kwana, ɗalibi kuma ya je ya tatso shi da sinadarin barasa ya kafe shi ya zama ƙullu, to abin da ya ɗura wa ɓera ba shi mutane suke sha ba. Gwajin kwana 28 bisa ƙa'idar ƙungiyar OECD mai hedikwata a Paris yana buƙatar aƙalla rukuni huɗu, kowanne maza biyar mata biyar. Ɓeraye arba'in ke nan za su mutu don amsa tambayar da ba wanda ya yi. Haka in sunan itacen ya rikice, tunda suna ɗaya kan hau tsirrai biyu daga gari zuwa gari. Cibiyar nazarin tsirrai ta ƙasa da ke Cocody za ta iya tabbatar da sunan Latin na ganyen da aka kai mata, amma ba za ta iya sanin ko shi ne wanda mai rumfa yake nufi ba. Wannan aikin mai jin harshen ne.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Mutumin da ke sa wa ɓera shinkafar ɓera a ɗakinsa, wanda ya san zazzaɓin Lassa ta ɓera yake yaɗuwa, in ka ce masa akwai kwamitin farfesoshi da ke zama kan jin daɗin ɓera, dariya zai yi, ya ce abin Turawa sai su. Amsata biyu ce. Ɓeran rumbu shi ya zo maka, na keji kai ka sa aka haife shi, kai ka kulle shi, ci da shansa a hannunka suke; ya zama amana, kuma labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ba baƙo ne ga yaran makarantar allo ba. Ta biyu, dabbar da ke cikin firgici ko zafi ko yunwa jininta da sukarinta da hantarta duk sukan sauya, sai sakamakon bincike ya gurɓace. Wanda bai damu da ɓera ba, ya damu da majinyacin Treichville da za a ba shawara bisa wannan sakamakon.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na masu cewa takardar ta zama al'ada kawai, mujallun ƙetare ne ke neman lambar izini, sai a samo lamba. Akwai gaskiya a ciki, kuma alamarta kwafe. Ba wuya ka ci karo da maƙala daga yankinmu da ke cewa an bi dokar Turai ta 1986, alhali an soke ta tun farkon 2013. Haka jimlar nan da ke yawo daga kundi zuwa kundi, cewa an ajiye dabbobi a ɗaki mai digiri 22, da danshin iska da bai wuce kashi 70 cikin ɗari ba, da awa 12 na haske da 12 na duhu. Ƙa'idar ke nan, babu shakka. Amma wanda ya san zafin Abijan da damshinta na bakin teku ya san ba a samun wannan sai da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta ɗaukewa. Wanda yake da su ya rubuta. Wanda ba shi da su ya faɗi abin da ma'auninsa ya nuna, da dabarar da zai yi in wuta ta ɗauke, kwamiti ya yanke hukunci a kan gaskiya. Mutanen Kano sun san inda takardar bogi take kaiwa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, daga baya ta fito fili cewa wasiƙar amincewar da aka nuna bayan gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan watanta baya. Can yara ne, nan ɓeraye, ban kuwa daidaita su ba. Amma hannun da ya saba cika fom bayan an gama aiki, a ɗakin ɓeraye yake koyo.

Ba ina cewa kwamiti a Kodebuwa ya karɓi takarda da Hausa ba. Faransanci ne harshen hukuma, a titi kuma Julanci ya fi Hausa yawan masu ji. Abin da nake kira gare shi ƙarami ne. Dokar Turai ta 2010 ta tanadi a haɗa takardar neman izini da taƙaitaccen bayani wanda ba na masana ba, a kuma wallafa shi don jama'a su gani. Mu ɗauki wannan, mu ƙara masa sharaɗi: mai bincike ya rubuta taƙaitawar da harshen mutanen da ya karɓo maganin a hannunsu, Hausa ko Julanci ko Baule, ya kuma koma rumfar ya karanta musu. Sassan Hausa na jami'o'inmu su ɗauki tsara kalmomin a matsayin aikin kundin digiri, maimakon a yi ta maimaita nazarin jigo da salo a littattafan da aka riga aka tatse.

Ga misalin da na tsara bisa gwajin dafi na zama ɗaya na OECD, wanda ya maye gurbin tsohuwar hanyar 1927 ta neman adadin da zai kashe rabin dabbobi, hanyar da ƙungiyar ta janye a 2002:

“Mutane suna shan jiƙon sassaƙen wannan itace don zazzaɓi. Ina so in san ko shan sa da yawa a zama ɗaya yana da haɗari. Zan jiƙa shi a ruwa yadda masu magani suka kwatanta mini. Zan fara da manyan fararen ɓeraye mata uku. Zan hana su abinci dare ɗaya, ban da ruwa, sannan in ɗura wa kowacce miligiram 300 a kan kowane kilogiram na nauyinta. Zan zauna da su awa huɗun farko, daga nan in riƙa duba su safe da yamma har kwana 14, har da Asabar da Lahadi. Mai yiwuwa su yi murɗar ciki ko zawo. Wadda ta daina ci da sha, ko ta kasa tashi, ko ta zubar da kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta, zan kashe ta nan take da allurar maganin barci mai yawa. Ba zan taɓa wasu ukun ba sai na ga yadda na farko suka yi. A ƙarshe zan kashe duka ta wannan hanyar don in duba hanta da ƙoda.”

Ɗalibi ya ƙirga “zan” nawa ne a ciki, ya gwada mayar da su “za a” ya sake karantawa da ƙarfi. Sannan ya kai wa mai magani, ya saurari tambayar farko da zai yi masa. Ina kyautata zaton a kan jiƙon za ta kasance: ruwan sanyi ne ko na ɗumi, kuma da kanwa ko babu.